Jawabi a Kan Tarihin Ƙasar Jama'a da Garin Kafanchan

 

 An ce mu ɗan yi tsokaci a kan tarihin wannan ƙasa tamu. Mu 'yan kasuwa ne, sai a yi haƙuri da mu, amma abin da ya sa muka karɓa shi ne, yaranmu da yawa in ka tambaye su yaushe kakanninsu suka zo nan, sai su yi zuru.

To, masarautar Jama'a ta girmi garin Kafanchan nesa ba kusa ba. Wajen 1810 Malam Usman ya kafa ta a Jama'ar Daroro, tana ƙarƙashin Zazzau, can take kai gaisuwa. A nan ya kamata mu faɗi gaskiya: cikin gaisuwar nan akwai bayi, kuma daga ƙabilun kewaye ake kamo su. Maƙwabtanmu ba su manta ba. Wanda ke son a saurari tarihinsa, dole ya iya sauraron na wani.

Shi kuwa garin nan da muke ciki, jirgin ƙasa ne ya raya shi. Sunan ma daga Fantswam ya samo asali, mutanen da aka tarar a wurin. Da dogo ya iso daga Fatakwal, aka haɗa shi da na Kaduna da na Jos a 1927, sai Kafanchan ta zama mahaɗa. Kwal daga Inugu, kuza daga Jos, manja daga kudu, citta daga ƙasar Jaba, duk ta nan suke bi. Ma'aikatan reluwe suka cika gari, Ibo da Yarabawa da Nufawa. Kakanninmu na Kano da Katsina da Zariya suka biyo, wani da fawa, wani da ɗinki, wani da koli a ka, wani kuma almajiranci ya kawo shi. Sai a 1933 fadar sarki ta dawo Kafanchan. Kun ga ke nan, a garin reluwe kusan kowa jirgi ne ya sauke shi.

Akwai ma abin da ya girmi mu duka. A 1943 aka kai wa Bature Bernard Fagg wani kan mutum-mutumi na yumɓu da aka tono a wurin haƙar kuza a ƙasar Jama'a. Wanda ya tsince shi a gonar doya ya kafa shi yana korar dabbobi! Daga baya bincike ya nuna irin waɗannan kayan na Nok sun haura shekara 2,000. Mu kam ba ma bauta wa gunki, amma sanin abin da ke ƙarƙashin ƙasarmu ba laifi ba ne.

Rikicin 1987 da na 1999 da na 2011 ba sai mun maimaita ba, kowa ya ɗanɗana. Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya kiyaye gaba. Sai dai wuta ba kaya kaɗai ta ci ba, ta ci takardun filaye da hotuna da wasiƙun ajami, dattawan da suka san labari kuma kullum raguwa suke yi.

Don haka muna roƙon kowane gida ya zaunar da tsohonsa ko tsohuwarsa, a sa yaro ya rubuta: daga wane gari aka zo, a zamanin wane sarki, da wace sana'a. Mai tsohuwar takarda ya kawo wa sakataren ƙungiya a ɗauki hotonta, a mayar masa da abinsa a ranar.