Saɓanin Ra'ayi a Kwamitin Kula da Maƙabarta



Kwamitin kula da maƙabarta yakan haɗa ɗan Izala da ɗan Ɗariƙa, attajiri da mai haƙar kabari, kuma abin da ya fi raba kansu shi ne kabarin kansa: a kafa masa allo mai suna ko a bar shi, a kewaye shi da bulo ko a hana. Ra'ayina shi ne kwamitin da ya kori mai saɓa masa a kan wannan ya cuci mamatan da aka ba shi amanarsu. Saɓanin ya girmi kwamitin, kuma kowane ɓangare yana da madogara. Muslim ya ruwaito hadisin Jabir da ya hana shafe kabari da yin gini a kansa. Abu Dawud kuma ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya ajiye dutse a kan kabarin Usman ɗan Maz'un domin ya riƙa gane shi. A mazhabarmu ta Malikiyya, Risala ta karhanta gini, Muhtasar kuwa ya halatta alamar dutse ko itace marar rubutu. Wanda ke neman gane kabarin mahaifiyarsa da wanda ke tsoron a wuce gona da iri duk suna magana ne daga cikin littattafan da muke karantarwa a zaurukanmu.

Wani zai ce gaskiya ɗaya ce, ba a sasantawa a kan bidi'a. Na yarda ba a yanke hukuncin shari'a da ɗaga hannu. To amma wa ya naɗa kwamiti ya ba da fatawa? Aikinsa katanga ne, da magudanar ruwa kafin damina ta rufta kaburbura, da tanadin tukwane da itace, da tsare fili daga masu yanka shi su yi shaguna, da biyan haƙƙin masu haƙa, waɗanda a Afrilun 2020 su ne suka fara ankarar da Kano yawan mace-macen da ake yi. Babu ɗariƙa ko ƙungiyar da ke jayayya a kan waɗannan. Duk mutumin da aka fusata ya daina zuwa taro, ya tafi da kuɗinsa da jama'ar masallacinsa, katangar kuwa tana nan a rushe.

Mun kuma ga abin da ƙarfi ke haifarwa. A 2012 masu ɗauke da makamai suka rusa hubbarorin waliyyai a Tumbuktu; a 2016 kotun duniya ta ɗaure Ahmad al-Faqi al-Mahdi shekara 9 saboda hannunsa a rusa su, bayan magina 'yan garin sun riga sun sake gina su. Rusau bai sauya zuciyar kowa ba. Saboda haka kwamiti ya miƙa mas'alar gini ga malaman ɓangarorin biyu su zauna tare, ya rubuta ƙa'idar da suka cimma, ya rubuta sunan wanda bai yarda ba da hujjarsa a kundin taro, sannan a sanar da iyalan mamata kafin a taɓa kowane kabari.