Rabon Azuzuwa Da Lissafin Maki A Sakandare: Jawabin Kwamitin Ilmi Ga Iyayen Yara A Damagum

 

Kwamitin ilmi na wannan ƙungiya ya ɗora mana nauyin yin bayani a kan abu guda: yadda makarantun sakandare ke raba 'ya'yanmu azuzuwa, da yadda ake ba su maki. Dalili shi ne, kusan kowace shekara sai wani daga cikinmu ya kawo kuka, ya ce ɗansa likita yake son zama, amma da aka je cike fom ɗin JAMB sai aka ce ba shi da hanya, don bai taɓa zama ajin Fiziks da Kemistiri ba. In ka tambayi uban yaushe aka sa yaron a ajin da yake, sai ya ce wallahi bai sani ba. To jama'a, tun shekaru uku baya aka yanke wannan hukunci, lokacin muna kasuwa ko muna gona.

Bari mu ɗauko zancen daga tushe. A 1982 Nijeriya ta fara aiki da tsarin 6-3-3-4, wato shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a. Da shirin UBE ya zo a 1999, dokarsa kuma ta fito a 2004, sai aka ɗauki shekaru tara na farko a matsayin ilmin tushe. A ƙarshen aji uku na ƙaramar sakandare yaro yana zana jarrabawar da ake kira BECE. Daga nan hanya take rabuwa.

Idan yaro ya shiga SS1, akan sa shi ɗaya daga cikin ɓangarori uku: kimiyya, ko adabi wanda yara ke ce wa At, ko kasuwanci. Kwalejojin kimiyya da fasaha kuma suna da nasu ɓangaren sana'o'in hannu, masu zana jarrabawar NABTEB. Abin da malamai suka fi dubawa shi ne makin yaro a Lissafi, da Kimiyya, da Turanci. Wasu makarantu sukan ƙara da ɗan gwaji a makon farko. Inda akwai malamin ba da shawara, yakan tambayi yaro abin da yake so. Inda babu, wani lokaci yaro abokinsa kawai yake bi, ko kuma ya zo a makare ya tarar ajin kimiyya ya cika.

Wannan rabo ba ƙaramin abu ba ne. Mai son likitanci sai da Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Mai son injiniya sai da Lissafi, Fiziks da Kemistiri. Mai son aikin lauya sai da Adabin Turanci. Yarinyar da ke son shiga makarantar koyon aikin jinya a Damaturu, ita ma darussan kimiyya za a nema a takardarta. Kuma sauya aji yana da sauƙi a zangon farko na SS1 kawai. Bayan nan karatu ya yi nisa.

Sai maganar maki. Yawancinmu in aka kawo katin sakamako abu ɗaya muke tambaya: na nawa ka zo? Wannan tambaya tana yaudararmu. Yaro zai iya zuwa na biyar a aji alhali Lissafinsa 38 ne, sauran darussa ne suka ɗaga shi. Makin kowane darasi kashi biyu ne. Akwai na gwaje-gwajen cikin zango, da aikin gida, wanda ake kira C.A., yawanci maki 30 ko 40 cikin 100. Sauran kuma na jarrabawar ƙarshen zango ne. Ke nan yaron da bai zana gwajin cikin zango ba ya zubar da kusan sulusin makinsa tun kafin ya shiga ɗakin jarrabawa. Har hukumar WAEC ma tana karɓar wannan maki na C.A. daga makarantu, ta haɗa da na jarrabawar ƙarshe.

A nan ne laifinmu yake, kuma gara mu faɗa wa kanmu gaskiya. Ranar Laraba kasuwar shanu ta Potiskum take ci, ranar makaranta ce kuma. Mu nawa ne muke cewa yaro ya raka mu, ko ya tsare mana shago? Lokacin girbi fa, kwana nawa yake yi bai leƙa aji ba? Yarinya an ɗora mata talla da safe, ta isa an gama darasin farko. Malam ba zai jira kowa ba, ranar da ya sa gwaji ranar zai yi.

Matakan sakamakon WAEC da NECO tara ne. Yadda makarantu suka saba lissafawa: A1 daga 75 zuwa sama, B2 daga 70, B3 daga 65, C4 daga 60, C5 daga 55, C6 daga 50. Waɗannan shida su ne kiredit. D7 daga 45 da E8 daga 40 wucewa ce kawai, F9 kuwa faɗuwa. Jami'a, ko ta jiha da ke Damaturu, ko ta tarayya da ke Gashuwa, ko ta Maiduguri, kiredit biyar take nema a darussan da suka dace da kwas ɗin, har da Turanci. Masu kimiyya da kasuwanci dole su haɗa da Lissafi. Don haka idan yaro ya ce maka ya ci, tambaye shi: da wane harafi, a wane darasi? Tsakanin C6 da D7 maki ɗaya ne, 50 da 49, amma shi ke raba mai tafiya da mai zama gida.

Kada kuma a fahimce mu baibai. Ba muna cewa kowa ya tura ɗansa kimiyya ba. Mun ga yaran da iyaye suka matsa aka sa su can don alfahari, suka fito da F9 jere, alhali da an bar su a adabi da yanzu lauyoyi ne, ko alƙalai, ko malaman Hausa da Larabci. Mu da yawancinmu 'yan kasuwa ne, ai bai kamata mu raina ajin da ake koyon lissafin kuɗi da tsarin ciniki ba. A duba inda yaro yake da ƙarfi, a ji ta bakinsa, a ji ta bakin malaminsa.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman. Iyayenmu da kakanninmu daga Kano, Katsina, Haɗeja da sauran wurare suka zo, mutanen Fune suka karɓe su hannu biyu, muna zaune lafiya, mun gode wa Allah. Amma kowa ya san yadda takardar shaidar asali take da nauyi wajen neman tallafin karatu da aikin gwamnati. Wani yaronmu a nan aka haife shi, garin kakansa kuma ba wanda ya san shi. Irin wannan yaro babu abin da zai tsaya masa kamar sakamako mai kyau a darussan da suka dace.

Saboda haka kwamiti yana roƙon abubuwa huɗu. Na ɗaya, duk mai yaro a aji uku na ƙaramar sakandare ya je makaranta da ƙafarsa ya ga malamin aji kafin BECE. Na biyu, a makon farko na SS1 a tambayi yaro ɓangaren da aka sa shi, da dalili. Na uku, a daina ɗauke yara ranar makaranta, musamman makon gwaji. Na huɗu, wanda bai iya karanta katin sakamako ba ya kawo wa kwamiti, akwai malamai a cikinmu da za su duba masa kyauta, babu kunya a ciki. Iyaye mata, ku kuka fi ganin yaran nan, ku riƙa tambayar katin ko da maigida ya yi tafiya. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane.

Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, Ya ba su ilmi mai amfani, Ya zaunar da Damagum da jihar Yobe lafiya. Wassalamu alaikum.