Naman Biki da Lamirin Ɗan'uwanka

 Ku buɗe 1 Korantiyawa sura 8.

A birnin Koranti ana yanka dabbobi a haikalin gumaka, sauran naman kuma ya shiga kasuwa. Waɗansu masu bi suka ce gunki ba kome ba ne, a ci kawai. Manzo Bulus ya yarda da su a kan gunkin, amma bai tsaya nan ba.

Mu ma mun san wannan. Lokacin bikin gargajiya a ƙauye, a kawo nama gida. Saurayin da aka haifa cikin ikilisiya ya ci, ko a jikinsa. Kakansa kuwa, wanda ya taɓa zuba jini a wurin tsafi da hannunsa kafin ya tuba, yana kallo, zuciyarsa tana rawa. In ya sa hannu a kwanon alhali lamirinsa yana hana shi, Romawa 14:23 ta kira wannan zunubi. Kai saurayi, wa ya ja shi?

A aya ta 13 Bulus ya nuna gara ya bar nama har abada da ya sa ɗan'uwansa tuntuɓe. Kafin a buɗe tukunya, tambayi tsohon.