Shirya Gida Kafin Dattijo Ya Dawo Daga Asibiti



Iyaye, 'yan'uwa da maƙwabta, mazauna Garwa da garuruwan da ke kewaye da ita irin su Pitowa, Ngong, Lagdo, Figil da Gidar, da ku da kuke ƙetare iyaka tsakanin nan da Yola ko Mubi domin jinyar wani naku, muna yi muku sannu da ƙoƙari. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinya da alheri.

Maganarmu ta yau a kan ranar da kowa ke ɗokin zuwanta ce, ranar da likita zai ce an sallami Baba, ko Inna, ko Kaka. Ranar farin ciki ce, amma kuma ita ce ranar da jinya ke tashi daga hannun ma'aikatan asibiti ta koma hannunku. Dattijon da ya yi mako biyu ko uku a kwance yakan fito ƙafafunsa sun yi sanyi, domin doguwar kwanciya tana cinye ƙarfin tsoka, kuma tsoho ya fi yaro saurin rasa wannan ƙarfi da jinkirin mayar da shi. Gidan da ya sani shekara arba'in, wanda da ko a duhu yana iya zaga shi, yanzu yana iya zame masa tarko. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, don haka sai a gyara gida tun kafin mota ta tsaya a ƙofar zaure.

Kafin ku bar asibiti

Ko a babban asibitin yanki na Garwa aka kwantar da shi, ko a Maskin kusa da Marwa, ko a Ngawundare, ko a Yola, kada ku ɗaure kaya sai ɗaya daga cikinku ya zauna da likita ko nas ya sami amsar tambayoyi biyar. Mece ce cutar da sunanta? Waɗanne magunguna zai sha, sau nawa a yini, har zuwa yaushe? Me aka hana shi ci ko yi? Yaushe zai dawo a duba shi? Wace alama ce idan an gani za a dawo da shi ba tare da jiran ranar ba? Ku nemi a rubuta amsoshin a cikin karnensa na asibiti. Idan akwai ciwon da ake wankewa ko robar fitsari, ku roƙa a nuna muku da hannu yadda ake kula da su, a kuma faɗa muku cibiyar lafiya mafi kusa da za ta ci gaba da aikin.

Ku masu jinya tsakanin ƙasashe biyu, akwai abin da ya kamata ku sani. Takardun Kamaru a wannan yanki da Faransanci ake rubuta su, na Najeriya kuwa da Turanci, kuma ma'aunin ma ya bambanta. Idan nas a Garwa ta ce awon jinin Baba 14 da 9 ne, shi ne wanda a Yola za a rubuta 140 da 90. Awon suga da aka rubuta 1,26 a nan, shi ne 126 ko kuma 7 a can, gwargwadon na'urar da aka auna da ita. Haka kuma magani ɗaya yana iya zuwa da sunan kamfani daban a kowane ɓangare na iyaka. Wanda bai san haka ba zai iya haɗa kwali biyu na maganin hawan jini iri ɗaya ya ba tsoho, yana zaton magunguna biyu ne, jini ya faɗi, jiri ya kwashe shi. Ku nemi a rubuta muku ainihin sunan sinadarin, wanda akan buga da ƙananan haruffa a ƙarƙashin sunan kamfani, kuma duk inda za ku je ku tafi da kwalayen tare da karnen.

Ranar tafiya gida, ku nemi mota. Babur shi ne abin hawanmu na kullum a Garwa, amma bai dace da wanda aka yi wa tiyata, ko mai jiri, ko wanda ɓarin jikinsa ya shanye ba.

Ɗaki da makwanci

Ku zaɓa masa ɗakin da ya fi kusa da bayan gida kuma ya fi kusa da kunnen jama'a, inda idan ya yi kira za a ji. Idan ɗakinsa na can ƙuryar gida ne ko a zaure, ku roƙe shi cikin ladabi ya sauya na ɗan lokaci. A share, a fitar da tarkace, a buɗe taga iska ta ratsa.

Katifa a ƙasa tana da wuyar tashi ga mai raunin gwiwa, kuma tana karya bayan mai ɗaga shi. Gadon da ya dace shi ne wanda idan ya zauna a bakinsa tafin ƙafafunsa biyu za su taka ƙasa sosai. Idan gadon ya yi ƙasa, kafinta zai iya ƙara masa tsawo. Kada a ɗora shi a kan duwatsu masu motsi. A ɗaura gidan sauro mai magani, domin zazzaɓin cizon sauro yana saurin kayar da jikin da bai gama farfaɗowa ba. Kusa da hannunsa a ajiye ruwan sha a rufe, tocila mai batir, sandarsa, da wani abu da zai buga a ji, ko da cokali da kwano ne. Da dare wani ya kwana a ɗakin, aƙalla a makonnin farko.

Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, kada a shigar da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci. Bargo da safa sun fi aminci.

Hanyar bayan gida

A nan ne za mu daɗe, domin a nan ne haɗari ya fi yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 684,000 ke mutuwa kowace shekara sanadiyyar faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne suka fi yawa a cikinsu. Ƙashin ƙugun tsoho idan ya karye, yakan mayar da shi gado na watanni, wani ma ba ya ƙara takawa.

Saboda haka ku yi wannan gwaji tun yau: da dare, ku taka daga bakin gadon zuwa bayan gida a hankali, kuna duban ƙasa da idon mai rauni. Dokin ƙofa ya yi tsawo? Gefen tabarma ya naɗe? Akwai turmi, murhu, igiyar akuya ko wayar lantarki a hanya? Akwai gansakuka a wurin wanke-wanke? Duk abin da ƙafarku ta taɓa, ku kawar da shi. Inda akwai rami a cike, inda akwai santsi a zuba yashi ko a kankare. A rataye fitila mai caji a hanya, kada a dogara ga wutar lantarki kaɗai.

Tsugunno a masai yana buƙatar ƙarfin gwiwa wanda mai jinya ba shi da shi, kuma miƙewa daga tsugunno farat ɗaya na kawo jiri. Ku sami kujera mai ƙarfi, kafinta ya huda tsakiyarta, a ɗora ta a kan ramin. A kafa ƙarfe ko itace mai ƙwari a jikin bango inda zai riƙe. Da dare a sa bokiti mai murfi a ƙarƙashin kujerar a cikin ɗaki, a zubar da safe a wanke da sabulu da ruwan jabel. Wanka da alwala ya yi su a zaune, buta da bokiti a kusa. Takalmi ya zama mai riƙe dunduniya, domin silifas na zamewa. Idan zai tashi daga kwance, ya fara zama a bakin gado ya ɗan huta kafin ya miƙe.

Magani

Mutum ɗaya ne zai riƙe maganin gida, a kuma sami mataimakinsa idan ba ya nan. Idan kowa na bayarwa, wata rana za a ba shi sau biyu, wata rana a manta. Ga wanda bai yi karatun boko ba, a ɗaura lokacin magani da lokacin salla, a zana alama a jikin kwali: na Asuba, na Azahar, na Isha'i. Maganin hawan jini da na ciwon suga ba a daina su don an ji sauƙi. Sauƙin ma aikin maganin ne.

A ajiye magani a inuwa, nesa da yara. Allurar insulin idan babu firji, a naɗe ta a leda a sa a cikin ƙaramin tulu da aka binne a yashi mai laima, kada rana ta taɓa ta. A guji maganin masu talla a kasuwa da bakin tasha, musamman ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, domin suna iya illata ciki da ƙodar tsoho. Masu zuwa dubiya za su kawo saiwoyi da jiƙo da kyakkyawar niyya. Ku karɓa da godiya, amma kada a haɗa da na asibiti sai an tambayi ma'aikacin lafiya.

Ku da ke ƙauyuka, ku tuna da watannin Agusta da Satumba, lokacin da Binuwai ke cika, rafukan da muke kira mayo su kawo ruwa su datse hanya. Ku sayi maganin da zai kai ku bayan damina tun hanya tana buɗe.

Ci da sha

Jiki ba ya gina kansa da kunu zalla. A ba shi abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, mai ɗauke da wake, ƙwai, kifin da aka cire wa ƙaya, nono da aka tafasa, gyaɗa, da ganye irin su zogale, kuka da yakuwa. Mai hawan jini ko ciwon zuciya a rage masa gishiri, dunƙulen miya da kanwa, domin dukkansu ukun suna ɗauke da sinadarin da ke hawar da jini. Mai ciwon suga a kiyaye masa sukari a shayi da kunu da lemon kwalba. Idan kuwa ya soma rawar jiki da gumi da ruɗewa bayan magani, sugansa ne ya faɗi, a ba shi ruwan sukari nan take muddin yana iya haɗiya.

Wanda ɓarin jikinsa ya shanye, kada a ba shi komai a kwance. A zaunar da shi sosai, a ba shi da cokali a hankali, ya ci gaba da zama rabin awa bayan ya gama. Idan yana tari ko shaƙewa duk lokacin da ya sha ruwa, a sanar da likita, domin abin da ya bi hanyar numfashi yana jawo ciwon huhu.

A watannin Maris da Afrilu zafin Garwa yakan haura digiri 40, ɗakin kwano kuwa ya fi waje zafi. Tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri, don haka kada a jira ya roƙa: a riƙa miƙa masa ruwa mai tsabta, sai fa idan likita ya ƙayyade masa. Da rana a fito da shi rumfa ko gindin dalbejiya.

Wanda ba ya iya juyawa da kansa

A juya shi kowace awa biyu, dama, baya, hagu. Inda ƙashi ya danne fata, wato ƙugu, gindin baya, dunduniya da kafaɗa, nan gyambon kwanciya ke farawa. A duba wuraren nan kullum lokacin wanka. Idan fata ta sauya launi, ta yi zafi ko ta yi tauri, a ɗauke nauyi daga wurin da matashi, a nuna wa ma'aikacin lafiya. Idan an shimfiɗa leda a kan katifa, a rufe ta da zanen auduga, a sauya shi da zarar ya jiƙe. A riƙa motsa masa gaɓoɓi a hankali don kada su sandare. Wanda kuwa likita ya yarda ya taka, a taimaka masa ya taka kullum, yau zuwa bakin ƙofa, gobe zuwa tsakar gida. Tausayin da ke hana shi motsi yana ƙara masa rauni.

Rabon aiki da kiyaye mutunci

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A yawancin gidajenmu jinya takan faɗa kan mace ɗaya, mata ko 'ya ko suruka, ga girki ga yara. Ku zauna tun kafin sallama ku raba aikin: wa zai kwana, wa zai yi wanka, wa zai sayi magani, wa zai kai shi asibiti. 'Ya'ya maza su ɗauki wankan mahaifinsu da ɗaga shi. Waɗanda ke nesa, a Yawunde, Duwala ko Kano, su ɗauki nauyin kuɗi a kan lokaci sananne.

Dubiya lada ce, amma a sa mata lokaci, misali bayan La'asar, a gajarta zama, mai tari ko mura ya yi gaisuwarsa daga bakin ƙofa. Kuma ku tuna wanda kuke jinya shi ne ya raine ku. A yi sallama kafin a shiga, a rufe masa jiki lokacin wanka, a nemi shawararsa a kan abin da ya shafe shi, kada a yi maganarsa a gabansa kamar ba ya nan. Addini ya sauƙaƙa wa maras lafiya salla a zaune ko a kwance, da taimama idan ruwa zai cutar da shi. Malamin unguwa zai yi masa bayani ya sami natsuwa.

Alamomin da ba a jira da su

Ku mayar da shi asibiti nan da nan, ko da tsakar dare ne, idan kun ga baki ya karkace, magana ta harɗe, ko hannu ko ƙafa sun mutu farat ɗaya. Ciwon ƙirji ko numfashi da ƙyar. Zazzaɓi mai zafi. Ruɗewa ko barcin da ba a iya tashinsa. Ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo. Wurin tiyata yana fitar da mugunya ko jini. Fitsari ya tsaya. Amai ko gudawa da suka ƙi tsayawa. Ko ya faɗi ya bugi kai ko ya kasa taka ƙafa. Tun yau ku ajiye lambar mai motar da za ku kira da dare, da ɗan kuɗin da ba za a taɓa ba sai don wannan.

Jama'a, yawancin abin da muka lissafa ba ya buƙatar dukiya: kujera ce, fitila ce, tsintsiya ce, da zama a yi shawara. Ku fara da hanyar bayan gida tun yau da dare, ku kuma karanta wa wanda bai iya karatu ba wannan takarda. Allah Ya ba iyayenmu lafiya mai ɗorewa, Ya sa mu gama da su lafiya.