"Madam" a baki, "Mme" a takarda: jawabi a taron zagayowar shekarar ƙungiyarmu

Shugabanni, iyayenmu mata, da 'yan'uwa 'yan kasuwa na Maraɗi, Damagaram, Katsina da Kano, barkanmu da ganin wannan rana.

An ba mu 'yan mintoci mu yi magana a kan kalma guda da muke ji kullum in mun tsallaka Ɗan Isa ko Birnin Ƙonni, wato "Madam". A Faransanci asalinta kalma biyu ce, ma'anarta kusan "uwargijiyata". A Najeriya takan nuna matar ɗan boko ko mai gidan abinci, wani lokaci har da ɗan zolaya a ciki. A Nijar, Kamaru da Chadi kuwa girmamawa ce zalla, ana faɗa wa kowace mace baliga. In jami'ar duwan ko jandarma ta tsayar da motarka, "Madam" za ka ce mata. A kasuwa "Hajiya" ta fi daɗin ji, amma a ofis ba kowace ma'aikaciya ce ke son a kira ta haka ba.

"Madmazel" ta budurwa ce, kuma shawararmu a bar ta. Faransa ma da kanta ta cire ta daga takardun gwamnati a 2012, don namiji "Mushe" ne ko ya yi aure ko bai yi ba. Mutanen Kano su daina dariya, wannan mushen ba na bakin hanya ba ne.

Inda kuɗi ke shiga maganar shi ne takarda. "Mme" Madam ce, "Mlle" Madmazel, "M." kuma namiji ne. A Nijar an saba sa sunan miji gaba da sunan matar. Wadda ta tsaya takarar shugaban ƙasa a 2011 ana rubuta ta Madam Bayard Mariama Gamatié, kuma Bayard ɗin sunan mijinta ne. To, abokiyar cinikinka da duk kasuwa ta sani da Madam Isa, wataƙila babu Isa ko ɗaya a katinta na ɗan ƙasa. In ka aika mata kuɗin albasa ko wake da wannan suna, mai biya zai duba kati ya ga bai dace ba, ya hana ta. Ita ta yi zaton ka ci amana, kai kuma kana riƙe da rasit.

Saboda haka kafin a aika kuɗi ko a rubuta takardar kaya, a nemi ta karanto sunan da ke kan katinta harafi-harafi, ko ta turo hotonsa ta WhatsApp. A lura da ƙananan kalmomi biyu: sunan da ya biyo bayan "née" na gidan ubanta ne, wanda ya biyo bayan "épouse" na mijinta ne. Iyayenmu mata, ku ma ku riƙa ba da sunan kati tun wajen ƙulla ciniki.