Abincin Manya a Tsibiran Maldibs

Kwamitin shirya taro ya ce in yi magana a kan wani abu da na gani a tafiye-tafiyen aiki. Na zaɓi zancen abinci, domin duk wanda ya ci gabza shekara shida a makarantar kwana yana da haƙƙin ya ji abin da manyan duniya ke ci, da nawa suke biya.

Ƙasar da zan yi magana a kanta ita ce Maldibs, a Tekun Indiya, kudu maso yamma da Indiya da Siri Lanka. Tsibirai ne kimanin 1,190, amma waɗanda 'yan ƙasa ke zaune a kai ba su kai 200 ba. Babban birninsu Male, kuma tsarin mulkinsu na 2008 ya ce sai Musulmi ne zai zama ɗan ƙasa. Kada ku ce wuri ne da ba ruwanmu da shi. Wurin nan da kakanninmu suka yi ciniki da shi, wanda daga gare shi muka sami kalmar kuɗi, mafi yawansa daga tekun waɗannan mutane aka tsamo shi. Tarihin Kano ya nuna cewa wuri ya shigo birnin a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731. Ibn Battuta ma ya yi alƙalanci a can wajen 1343, kuma ya ba da labarin yadda suke tara wurin. To, a da su ke aiko mana da kuɗi, yanzu kuwa duniya ce ke kai musu nata.

An buɗe otal na farko na masu yawon buɗe ido, Kurumba, a 1972. Tsarin da suka bi shi ne tsibiri guda, otal guda. A 2024 baƙin da suka shiga ƙasar sun haura miliyan biyu, alhali mazaunanta ba su wuce rabin miliyan da kaɗan ba. Wannan tsari shi ne asirin tsadar abincin. In an sauke ka a tsibirin otal, ko da kwalekwale mai inji ko da jirgin sama mai sauka a kan ruwa, ba ka da wata mai tuwo a bayan layi da za ka zagaya wurinta. Abin da suka dafa za ka ci, a farashin da suka yanka.

Wuraren cin abincin da suka fi suna su ne na ƙarƙashin teku. Na farkonsu Ithaa, a otal ɗin da ake kira Conrad yanzu, an buɗe shi a 2005. A Singafo aka ƙera ɗakin, aka ɗauko shi a jirgin ruwa, aka nutsar da shi mita biyar ƙarƙashin ruwa. Mutum 14 kawai yake ci. Rufinsa da bangonsa duk garai-garai suke kamar gilas, kana cin kifi 'yan'uwansa na kallon ka. A 2016 otal ɗin Hurawalhi ya buɗe nasa, suka sa masa suna 5.8, wato zurfinsa ke nan a mita. Akwai kuma masu shimfiɗa maka tebur a kan tudun yashi a tsakiyar teku, kai kaɗai da iyalinka da kuku, da masu ɗora ɗakin cin abinci a saman itatuwa. A irin waɗannan wurare cin dare na mutum guda yakan haura dala 200. A canjin 2025 wannan ya kai naira 300,000, fiye da ninki huɗu na mafi ƙarancin albashi da aka tsayar a 2024, wato naira 70,000. Ma'aikatan gwamnati da ke cikin wannan ɗaki, na ga kun yi tsit.

Masu masaukinmu sun kai mu irin wannan liyafa sau ɗaya, a bisa ƙasa dai, ba a ƙarƙashin ruwa ba. Ba a tara maka abinci a faranti guda. Kashi-kashi ake kawowa, biyar ko bakwai, kowanne bai fi loma uku ba, a tsakiyar farantin da ya isa a yi wa jariri wanka. Mai kawowa zai tsaya ya karanta maka asalin kowace loma kamar maroƙi na jero kakannin sarki: naman daga Ostareliya, cukun daga Faransa, wani abin daga Jafan. Cokula da wuƙaƙe na jere dama da hagu, ana farawa da na waje a shigo ciki. A sami sa'a biyu da rabi ana wannan hidima. Ban raina gwanintar masu girkin ba, haƙiƙa sun san aikinsu. Amma da na saurari wannan kirari sai na gane cewa kusan duk abin da ke teburin baƙo ne kamar ni. Ƙasar yashi ce da murjani, ba ta noma hatsi, ba ta kiwon shanu. Ruwan sha ma na teku ake tacewa, wutar kuma yawanci ta janareto ce. Saboda haka kuɗin jirgi da firji da man dizal kake ci, sannan kuɗin kallo.

Ga abu biyu da nake so duk wanda aiki zai kai can ya riƙe. Na farko lissafi. In ka ga farashi da alamar tarawa biyu a gabansa, to, ba a gama ba. Akwai ladan hidima kashi 10 cikin ɗari, sannan harajin yawon buɗe ido, wanda ya koma kashi 17 tun watan Yuli na 2025. Abincin dala 100 zai tashi dala 128 da 'yan kai. Malamin lissafinmu yana zaune a nan gaba, zai iya duba mini. Mutum ya yi sakaci, kuɗin guzurin kwana biyar ya ƙare a dare guda.

Na biyu ya fi nauyi. Kada sunan ƙasar Musulmi ya sa ka saki jiki. Giya da naman alade haramun ne a dokarsu, matafiyi ma ba a barin sa ya shigo da su, amma tsibiran otal suna da izini na musamman. Abincin kashi-kashin nan sau da yawa ana haɗa kowane kashi da giyar inabi, wani lokaci kuma a cikin miya ko kayan zaƙi ake zuba ta. Ka faɗa tun lokacin kama tebur cewa ba ka sha kuma ba a dafa maka da ita, ka tambayi yankan naman. Ba abin kunya ba ne, sun saba, za su kawo maka ruwan 'ya'yan itace a madadi.

Abincin da ya fi zauna mini a rai kuwa a Male na ci shi, a kantin shayi. Karin kumallonsu mas huni: kifin tuna da aka marmasa da kwakwa gogaggiya, albasa, barkono da lemun tsami, a ci da wata siririyar gurasa mai suna roshi. Da rana garudhiya, romon tuna ne fari sol a kan shinkafa. In suka ci gaba da dafa romon har ya yi kauri ya yi baƙi sai ya zama rihaakuru, wanda ke yi musu aikin da daddawa ke yi mana. Tunar kuwa da fatsa suke kama ta, ɗaya bayan ɗaya, ba da koma ba, kuma wadda ka ci da rana wataƙila da asuba tana cikin ruwa. Manyan otal ɗin ma sun farga, da yawansu na sa mas huni a teburin safe, sai dai farashin ya sha bamban.

Tun 2009 gwamnatinsu ta ba da damar buɗe gidajen baƙi a tsibiran da jama'a ke zaune, irin su Maafushi. Teku dai ɗaya ne da na masu dala 200, ana jin kiran salla, ba a sayar da giya, kuma kifin da za a gasa maka da daddare kana iya ganin mai kwalekwalen da ya kawo shi. Ranar Juma'a ce hutunsu, kuma jiragen ruwan gwamnati ba su cika tashi ba, saboda haka mai zuwa ya tsara tafiyarsa da sanin haka.

Mai girma shugaba, na ga ana yi mini alama daga kicin cewa shinkafarmu ta sauka.