Sa'a Ba Sana'a Ba Ce

Shugaban ƙungiya, malamanmu masu daraja, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, barkanmu da sake saduwa.

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, Allah Ya hore wa Kura da Bunkure noman rani. Amma yau sai matashi ya sayar da shinkafarsa ko tumatirinsa, kuɗi su shiga waya, kafin asuba caca ta cinye. Hukumar Hisba ta rufe shagunan caca a Kano a 2024, to amma wa zai rufe na cikin aljihu?

Ga malaman lissafi nan, su ne shaida. A cacar nan ta faifai mai juyawa, lambobi 37 ne, wanda ya dace kuwa ninki 36 ake ba shi. Ashe a kowace naira 37 da aka zuba, ɗaya ta mai manhaja ce tun kafin a fara. Ina sa'a a nan?

Roƙona shi ne mu koma makarantarmu mu nuna wa ƙannenmu wannan lissafi. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Allah Ya tsare mana zuriyarmu, amin. Wassalam.